Mai Cire Jan Murfi

Kafin Munkaila ya zo Guangzhou, shekara goma sha huɗu ya yi yana aikin kashe gobara a wata jiha ta arewacin Najeriya. Shi ya sa a unguwar Sanyuanli ba mai kiransa da sunansa. Kwana-kwana ake ce masa, kuma yana amsawa. Gajere ne kakkaura, da tabon ƙuna tun daga wuyan hannunsa na hagu har gwiwar hannu. Ba shi da yawan magana. In aka ce masa ya aiki, sai ya ce aiki na nan, ya wuce.

A wani sito yake aiki, bayan kasuwar tufafi ta Canaan, wajen wani mutumin Maraɗi mai suna Tankari da ke loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena. Ɗan kasuwa zai sayi kayansa a kasuwar Shahe ko a kamfani, a kawo siton, Munkaila ya duba ko abin da aka nuna a samfur shi aka zuba a kwali. Ba ya taɓa kwalin sama. Sai ya sa a sauke lodi har tsakiya, ya zaro wanda mai kamfani bai zaci hannu zai kai ba. In tukunyar kashe wuta ce, sai ya ɗora ta a sikeli, sannan ya fita da ɗaya bayan gini ya fesa ta har ta ƙare. Sau da yawa a nan ake gane rabinta iska ce. Masu kawo kaya sun san shi. Da sun hango shi murmushinsu yake raguwa.

Yana da wani koren fayil da ba ya rabuwa da shi. Labarin fayil ɗin shi ne labarin mutumin.

Matarsa Rekiya tela ce. Shagonsu na saman bene a babbar kasuwar garinsu, su bakwai mata, matattakala ɗaya. Wata Alhamis bayan azahar wuta ta tashi a ɗakin ajiyar katifu da ke ƙasa. Ba wutar ce ta fara isa gare su ba, hayaƙi ne. Kekunan ɗinki na ta ƙara, rediyo na kunne, ba wadda ta san abin da ke faruwa sai da matattakalar ta cika. Munkaila na bakin aiki ranar, yana cikin motar da ta fara zuwa. Uku suka fito da rai. Rekiya ba ta cikinsu.

Abin da ya hana shi sakat ba rashin kayan aiki ba ne, wannan ya saba da shi. Ginin yana da ƙararrawar hayaƙi har guda huɗu, irin farar na'urar nan mai kamar faifai da ake maƙalawa a silin, wadda ke tsala ihu in ta shaƙi hayaƙi. Mai ginin ya sayo su da kansa, kuma masu kyau ne. Ko ɗaya ba ta yi ƙara ba. Kwana biyu bayan jana'iza Munkaila ya koma ya tona cikin toka, ya samu ɗaya. Wata jar roba ta narke ta manne a fuskarta. Murfi ne da kamfani ke sa wa na'urar don kada ƙura ta shiga kafin a gama aikin gini. Da an maƙala ta ake cire shi a yar. In yana nan, hayaƙi ba shi da hanyar shiga.

Ya kai wa mai ginin, ya tambaye shi me ya sa ba a cire ba. Mutumin yana hawaye ya ce, "Wallahi Malam, sabuwa ce. Gani na yi ƙurar kasuwa za ta lalata ta."

Ba mugu ba ne. Haka mutanen gida suke da sabon abu. Kujerar mota ta shekara uku da ledarta, rediyo da ledarsa, katifa har ta tsufa ba a yage mata riga ba. Tattali ne, kuma ba wanda ya taɓa ce musu akwai abin da tattali ke kashewa.

Bayan gobarar, majalisar dokokin jihar ta ce za ta yi doka, kowane shago a kasuwa sai ya rataya ƙararrawa. Ranar jin ra'ayin jama'a Munkaila ya je da takarda shafi ɗaya da ya rubuta da hannunsa, da narkakkiyar na'urar a cikin leda. Bai iya jawabi ba. Ya ajiye ta a kan tebur, ya karanta layi huɗu, ya zauna. Layukan nan huɗu su suka zama sashe na goma sha ɗaya a ƙudirin: duk wanda ya maƙala na'ura sai ya cire murfin, ya gwada ta da hayaƙi a gaban ma'aikacin kashe gobara, kuma a sake gwadawa duk bayan wata uku.

Shekara na zagayowa ya ajiye aiki. Jiniyar motar ce ya daina iya ji. Ya bar 'yarsa Zalika wajen kakarta, ya bi wani ɗan kasuwa zuwa China.

Ƙudirin bai bar shi ba, shi ma bai bar shi ba. Ƙanin Rekiya, Ilu, masinja ne a majalisar, shi ke ɗaukar takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Duk lokacin da aka sake buga ƙudirin, sai ya turo kwafi ta fakis zuwa wani shagon buga takardu da ke ƙarƙashin gada. Munkaila zai shimfiɗa tsohon da sabon a kan kwali, ya ɗora rula, ya bi layi bayan layi, ya ja jan biro duk inda aka canza kalma. An yi karatu na ɗaya. An yi na biyu. Aka miƙa wa kwamiti. Zaɓen 2007 ya zo, majalisa ta watse, sabuwa ta hau aka koma farko. Fayil ya yi ta kumbura. Har ƙudirorin jihohin maƙwabta ya tara, don ya lura in wata ta yi doka sauran kwafa suke yi.

Ranar Juma'a, in an sallame a Masallacin Huaisheng, 'yan kasuwa kan tare shi a bakin titi.

"Honarabul Kwana-kwana! Ya zaman majalisa?"

"Ku dai ku yi dariya."

"A'a, da gaske muke. Tukunya mai gari za mu saya ko mai kumfa? Kada mu loda kwantena doka ta fito ta ce wata iri."

Sai ya faɗa musu, sashe kaza ya ce kaza, jiha kaza ta canza nauyi daga kilo shida zuwa tara. Su abin da za su sayar suke nema. Shi in ya buɗe sabon fakis, sashe na goma sha ɗaya yake fara dubawa. In ya gan shi yana nan, sai ya ninke takardar ya koma bakin aiki.

Shekarar 2008 ta shigo da wasannin Olamfik. A Beijing za a yi su, amma har Guangzhou aka ji a jika. Riguna masu zobba biyar suka cika Shahe. Biza kuma ta yi wuya. A da mutum kan tsallaka Hong Kong ko Macau ya sabunta ya dawo, sai aka ce yanzu kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Ana tsayar da baƙi a hanya ana duba fasfo. Masu lodin siton Tankari, waɗanda takardunsu suka ƙare, suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Mai ginin da siton yake ya kafa doka, ƙarfe shida na yamma a rufe ƙofa, ba mai zama ciki. Bizar Munkaila za ta ƙare ranar ashirin da ɗaya ga Yuli. Ya yanki tikitin ranar ashirin. Niyyarsa ya ga Zalika, ya nemo sabuwar biza, ya dawo bayan wasanni.

Saura mako biyu Ilu ya kira shi da hantsi.

"Yaya Munkaila, an yi karatu na uku. Ta wuce. Gwamna zai sa hannu."

"Alhamdu lillahi. Turo min."

"Zan turo." Sannan Ilu ya ƙara da cewa, "Yaya, ka zauna tukuna."

"A tsaye nake aiki. Faɗi."

"Sun cire na sha ɗaya. Kwamiti ya ce ba ma'aikatan da za su bi shago dubu uku duk wata uku. Suka ce a bar shi sai an yi gyara nan gaba."

"Duka suka cire? Har maganar murfin?"

"Duka. Ni na ɗauki takardar da hannuna na kai wajen bugawa. Wallahi kamar in yaga ta a hanya."

Munkaila ya je ƙarƙashin gada ya karɓo fakis ɗin. Ya ɗora rula kamar kullum. Daga sashe na goma, lamba ta tafi sha ɗaya, amma maganar cin tarar masu laifi ce a wurin. Shekara huɗu yana gadin layi huɗu. Ya rufe fayil ɗin, ya sa shi ƙarƙashin tebur, ya ci gaba da ƙirga kwalayen takalma.

Kwana uku bayan haka Alhaji Shitu ya shigo siton. Babban ɗan kasuwa ne daga Kano, mai fara'a, mai saurin lissafin lokaci. Tun kafin doka ta wuce ya ji ƙamshinta, ya karɓi odar ƙungiyar 'yan kasuwar garin su Munkaila: ƙararrawa dubu uku da ɗari shida, kwali sittin, kowane kwali guda sittin. Kasuwar da aka sake ginawa za a kai su. Ya ajiye samfur a kan tebur.

"Kwana-kwana, ga 'yar gidanka. Duba min ita."

Munkaila ya buɗe ƙaramin kwalin. Na'ura mai kyau, batiri a ciki. Da jan murfi a fuskarta.

"Alhaji, kayan ba su da laifi. Amma a ce wa kamfani su cire wannan kafin su rufe."

Aka kira matar da ke wakiltar kamfanin. Ta saurara, ta ce, "Meyo, meyo," wato babu hali. An riga an rufe kaya, suna jiran mota, ranar ashirin da huɗu za su iso. Munkaila ya ce to a buga takarda da Hausa a manna a kowane kwali. Ta ce sai mako uku. Alhaji Shitu ya ce kwantenarsa ranar Litinin ashirin da takwas za ta bar siton, don ana raɗe-raɗin za a ƙara tsaurara tashar jiragen ruwa in wasanni sun matso.

"To in sun iso a buɗe a cire."

"A buɗe?" Alhaji ya zaro ido. "Kai Malam, ka san mutanenmu kuwa? Su ga kwali a buɗe, abu ba murfi, su ce gwanjo na kawo musu. Sunana kake so ka ɓata? Doka cewa ta yi a rataya, za a rataya."

Munkaila ya miƙe. Ya fita, ya sayo turaren tsinke a shagon da ke kusurwa, ya kunna uku a haɗe. Ya riƙe na'urar da murfinta a saman hayaƙin. Hayaƙi ya lulluɓe ta, ya bi hannunsa, ya cika wurin har Tankari ya fara tari. Shiru. Ya bari aka ɗauki lokaci, har shirun ya dami kowa. Sannan ya sa babban yatsa ya ɓalle murfin. Kafin a ƙirga biyar na'urar ta tsala ihun da ya sa mai gadin ginin ya shigo a guje.

Da ya kashe ta ya ce, "Huɗu irin wannan ne a saman matata, ranka ya daɗe."

Alhaji Shitu ya cire hularsa ya share gumi. Ya daɗe yana kallon murfin da ke ƙasa.

"Allah ya jiƙanta. Ji nan. In za ka iya buɗewa ka mayar yadda ba mai ganewa, ni ban gani ba, ban ji ba. Amma ranar Litinin motar kwantena za ta zo, kuma ko awa ɗaya ba zan ƙara ba."

Da Alhaji ya fita, Tankari ya jawo kujera. Ya girmi Munkaila da kusan shekara goma, kuma tun zuwansa shi ne uban ɗakinsa.

"Kai, mutumin Najeriya, mi kake shirin yi? Kaya ashirin da huɗu, biza ashirin da ɗaya. Ko lissafi ma sai mun koya muku?"

"Na iya lissafi, maigida."

"Bon. To ka hau jirginka. Ni zan cire."

"Da wa? Kai kaɗai ka rage a siton nan, ga kwantena uku a gabanka."

Tankari ya san gaskiya ce. Ya sauke murya. "In suka kama ka, ba tara kaɗai ba ce wannan karon. Tsarewa ce, sannan su buga maka hatimi, shekaru ba ka sake shigowa. Aikin ga shi ke ciyar da ɗiyarka. Ka je gida ka bi su shago shago ka gaya musu mana."

"Na gaya wa majalisa guda, da abin a hannuna. Ka ga inda maganar ta ƙare. Murfin da ba ya cikin kwali, ba mai barin sa a kan na'ura."

Ranar ashirin jirgi ya tashi babu shi. Ya kira Zalika ya ce aiki ya riƙe shi, sai wani makon. Ta ce ta riga ta share masa ɗaki. Ya ce ta bar shi a share.

Motar kamfani ba ta iso ba sai yammacin Alhamis, dab da rufe ƙofa. Ranar Juma'a ƙarfe takwas ya fara. Reza ya samo, da salatif irin na kamfanin. Ya tsaga babban kwali ta ƙasa, inda ido ba ya zuwa. Ya zaro ƙaramin kwali, ya buɗe da farce don kada baki ya yage, ya ɓalle murfi, ya jefa a buhu, ya rufe, ya mayar. Sau sittin. Sannan ya manne, ya ɗiga jan biro a kusurwa, ya jawo na gaba. Zafin Yuli a Guangzhou kamar an rufe mutum a tukunyar dambu. Fanka ɗaya ce a siton. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, sai ya ɗaura tawul a wuya don kada ya ɓata kwalayen. Bai je Huaisheng ba ranar, don a hanyar ake duba fasfo. Azahar ya yi a kan kwali shimfiɗe. Wannan ne karo na farko da ya rasa Juma'a tun zuwansa ƙasar.

Tankari kan zauna ya taya shi in ya samu sarari, da manyan yatsunsa da ke yaga bakin kwali.

"A hankali, maigida. Ba buhun gero ba ne."

"Ka ji ɗan rainin wayo. Ina taimakonka kana zagina. Wallahi in ka gama sai ka biya ni da tuwo."

"Na Maraɗi ko na mutane?"

Tankari ya yi dariya har ya saki na'urar. Wannan ce kawai dariyar da aka yi a kwanakin.

Ranar farko kwali goma sha biyar. Ranar Asabar goma sha bakwai, farcensa biyu suka fashe, ya naɗe su da salatif ya ci gaba. Ƙarfe shida mai gadi zai kaɗa mukullai, Munkaila ya bi lungu ya koma ɗakinsa, kansa a sunkuye. Buhun murfi ya cika, aka buɗe na biyu.

Ranar Lahadi da la'asar yana kan kwali na arba'in da huɗu sai ya ji siton ya yi tsit. 'Yan sanda biyu ne a ƙofa da wata mai fassara, suna bin ginin ɗaki ɗaki. Ba su yi tsawa ba. Suka duba fasfon Tankari suka mayar masa. Suka duba na Munkaila, babban ya ƙirga kwanaki a yatsunsa, ya sa fasfon a aljihu.

Munkaila ya ce wa mai fassarar, "Roƙe shi ya bar ni in gama wannan kwalin. Saura tara."

Ta faɗa. Ɗan sandan ya dubi buhun jajayen murafu, ya dubi yatsun da aka naɗe da salatif. Bai gane aikin ba, amma ya ɗaga kai alamar to. Suka tsaya suna kallo har ya ɓalle na tara, ya manne kwalin, ya ɗiga jan biro. Ya miƙa wa Tankari rezar.

"Saura goma sha shida."

"Zan yi abin da na iya," in ji Tankari.

Ya yi ɗin. Uku ya gama kafin motar kwantena ta zo da safiyar Litinin. Kwali goma sha uku suka tafi da murfinsu.

Ranar da aka buɗe wasannin Munkaila na tsare. Bai ga ko ɗaya ba. A watan Satumba aka sa shi a jirgi da kayan jikinsa da hatimi a fasfo. Koren fayil ɗin yana ƙarƙashin teburin Tankari, buhunan murfi biyu a kusurwa. Tankari ya ƙi zubar da su. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ajiyar wani ce.

A gida ya samu aikin gadin wata makaranta. Zalika ba ta yi masa ƙorafi ba, ta dai riƙe hannunsa tana kallon faratan da ba su gama tsirowa ba. Shi kuma lissafinsa ɗaya: arba'in da bakwai cikin sittin. Ya ce a ransa ko ba komai, yawancin kasuwar za ta ji ihu in hayaƙi ya tashi. Ragowar ɗari bakwai da tamanin zai neme su a hankali.

Kaya suka iso, aka raba, aka maƙala. Ilu ya zo ya gaya masa an gama. Tun ranar da ya tono na'urar nan a toka Munkaila bai sake taka kasuwar ba. Wata Asabar da safe ya shiga ta ƙofar 'yan katifa, ya tsaya a shagon farko, ya ɗaga kai.

Na'urar tana nan a silin. Ba jan murfi. Baƙar leda ce aka rufa mata, aka ɗaure da roba.

Ya matsa shago na biyu. Leda. Na uku, jan murfi. Na huɗu, an yanko gindin robar ruwa an kifa mata. Ya bi layin har ƙarshe, wuyansa a sama, mutane na ture shi. Cikin shago talatin, biyu kawai ya gani a buɗe.

Ya yi sallama da wani dattijo mai sayar da yadi, ya nuna silin. "Baba, wannan ledar fa?"

"Ai cutarmu aka yi, ɗana. Maƙwabcina tasa da murfinta ja mai kyau ta zo, tawa tsirara. Mun kai ƙara wajen shugaban kasuwa, ya ce haka suka zo daga China. Wani ɓarawon ne can ya cire ya sayar. Shi ne muka yi dabara, kada ƙura ta kashe mana su."

Munkaila ya tsaya. Kwali goma sha ukun nan su suka nuna wa kasuwa duka yadda sabuwar na'ura take kama. Da a ce ya gama sittin ɗin, da ba wanda zai san akwai wani murfi a duniya. Ya buɗe baki zai ce shi ne ɓarawon, sai ya ga ba amfani. Ya ce, "Baba, ara min kujerarka."

Ya hau, ya cire ledar, ya karɓi ashana ya ƙona guntun takarda a ƙarƙashinta. Ihun ya sa dattijon ya toshe kunne, masu wucewa suka taru. Ya yi musu bayani da 'yan kalmomin da yake da su. Wasu suka gyaɗa kai. Wani ya ce to in ƙura ta lalata ta wa zai saya masa wata. Da ya dawo ta layin da yamma, dattijon bai mayar da ledar ba, amma maƙwabcinsa na nan da jan murfinsa.

Washegari ya sayi tsani na katako mai matakai shida. Tun daga lokacin, duk ranar da ba ya gadi yana kasuwa, tsani a kafaɗa, turaren tsinke a aljihu. Wasu suna barinsa ya hau. Wasu suna bari, in ya ba da baya su mayar. Benen teloli ya bari sai ƙarshe, kuma da ya hau bai dubi kowa ba, ya cire na wurin guda shida ya sauko.

Wata rana a layin 'yan takalma wani matashin ɗan kasuwa ya tare ƙafar tsanin da tasa ƙafar.

"Malam, dakata. Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Kai ma'aikaci ne?"

"A da."

"To ni na karanta dokar nan. Cewa ta yi in rataya, ga ta a rataye. Nuna min inda aka ce ka taɓa min kaya."

Munkaila ya san dokar fiye da waɗanda suka sa mata hannu. Ya san shafin, ya san layin da ya kamata maganar ta kasance. Ya dubi jan murfin da ke saman kan saurayin, sabo fil, ko ƙura babu.

"Babu wurin," ya ce.

Ya sauke tsanin, ya saɓa a kafaɗa, ya yi sallama a shago na gaba.